Ƙona mataccen icen fayin a murhun ɗumama ɗaki: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda zama ya kai shi ƙasashen sanyi irin su Kanada, arewacin Amurka, Suwidin ko Nowe, ya kuma kama gida a bayan gari, da wuya bai tarar da murhun ƙarfe a falo ba: akwati mai ƙofar gilashi, da bututu da ya huda rufi ya fita waje. Da shi ake ɗumama gida idan sanyi ya kankama. Ɗaya daga cikin itatuwan da suka fi sauƙin samu a wuraren nan shi ne fayin, doguwar bishiyar nan mai siraran ganye masu tsini, wadda ba ta kaɗe ganyenta ko a tsakiyar dusar ƙanƙara. Wani lokacin ma kyauta ake bayar da shi, saboda bishiyoyin sun mutu a tsaye, mai fili kuma so yake a raba shi da su. Sai dai kana gama loda shi a mota za ka ji wani ya ce maka kada ka kuskura ka sa shi a murhu.

Da gaske ne icen fayin yana haddasa gobara a bututun hayaƙi?

A'a. Busasshen fayin da aka ƙona da isasshiyar iska ba ya haddasa gobara. Maganar cewa yana haddasa gobara ta fi ƙarfi a gabashin Amurka, inda icen ok da sauran itatuwa masu tauri suke ko'ina, har mutane suka raina fayin. Ka je Kolorado, Montana ko tsakiyar lardin Biritish Kolumbiya, za ka ga gidaje da dama da fayin suke fita sanyi kowace shekara, domin shi ne a dajinsu. A Finland kuwa ita ce bishiyar da ta fi kowacce yawa, kuma ana ƙona ta a murhu da ɗakin sauna, wato ɗakin wankan tururi, tun kaka da kakanni.

Abu biyu ne suke cika bututu da kwaltar da ke kamawa da wuta: ɗanyen ice, da shaƙe wuta ta hanyar toshe mata iska. Ko icen ok ka yi wa haka, sakamakon ɗaya ne.

A ganina, abin da ya ɓata wa fayin suna shi ne sauƙin kamawarsa. Saboda ƙaron da ke jikinsa, yana ci ko da bai bushe ba. Ɗanyen ok zai ƙi ci, ya tilasta maka ka jira. Ɗanyen fayin kuwa zai ci, ya rinƙa tsuwa yana hayaƙi, mai gida ya ɗauka komai lafiya, alhali bututunsa na cika. Ranar da gobara ta tashi sai a ɗora wa bishiya laifi.

To mece ce wannan kwaltar, kuma yaya take taruwa?

Sunanta kiriyosot. Idan ice ya ɗau zafi yana fitar da iska da tururin mai, kuma kaso mai yawa na zafin da ke cikin icen a wannan tururi yake. In cikin murhu ya yi zafi sosai, wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, kuma akwai iska, tururin zai ƙone ya zama harshen wuta mai haske. In zafin bai kai ba, sai ya haura a matsayin hayaƙi. Da zarar ya taɓa bangon bututun da zafinsa ya gaza kimanin digiri 120, sai ya daskare ya manne.

Da farko kunkunniya ce mai laushi, buroshi na share ta. Daga nan ta zama ɓawo baƙi mai ɓarewa. Mataki na uku shi ne abin tsoro: ta zama dunƙulalliya mai sheƙi, ta kama ƙarfe ƙam, buroshi ba ya iya mata. Idan irin wannan ta kama, zafin cikin bututu yana iya haura digiri 1,000, ya tsaga bulo, ya lanƙwasa ƙarfe, ya kunna katakon rufi.

Ka duba lissafin ruwa. Sabon sare yakan kasance kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Ke nan gungume mai kilo 2 yana ɗauke da lita guda. Kafin ya ba ka zafi sai wuta ta tafasa wannan lita ta kore ta, kuma duk tsawon lokacin murhu na sanyi, hayaƙi na ƙaruwa.

Bishiyar ta mutu tun tana tsaye. Ai ta riga ta bushe ke nan?

Nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu. Mutuwa daban, bushewa daban. Bishiyar da ta mutu bana, ɓawonta na nan a jiki, tana iya riƙe ruwa kusan daidai da mai rai, domin ɓawo na hana ruwa fita, kuma ice ta bakin yanka da fuskar faskare yake saurin bushewa.

Ko wadda ta shekara biyu ko uku a mace, ba ta bushewa bai ɗaya. Rassa da rabin sama, waɗanda rana da iska ke duka, sukan bushe har a iya ƙona su nan take. Gindin kuwa, mita ɗaya ko biyu daga ƙasa, yana ci gaba da tsotsar danshi. Saboda haka idan ka yanka, ka ware: na sama gefe guda, na gindi gefe guda. Yanayin wuri ma yana da nasa. Mataccen fayin a busassun tsaunukan Wayomin ba ɗaya yake da na gaɓar teku a jihar Washintan ba, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa.

Wadda ta faɗi ta kwanta a ƙasa ta fi kowacce shan ruwa. In dai ba a kan duwatsu ko wasu itatuwa ta dogara ba, ka ɗauka ɗanya ce har sai awo ya nuna maka akasin haka.

Yaya zan tabbatar ya bushe?

Ka sayi na'urar auna danshin ice. 'Yar ƙarama ce mai tsini biyu, ana samunta a shagunan kayan gini, kuɗinta bai kai na sharar bututu sau ɗaya ba. Abin da ake nema shi ne kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka. A Ingila ma tun 2021 doka ta hana sayar da icen da danshinsa ya wuce haka idan yawansa bai kai mita kubik 2 ba.

Yadda ake awon shi ne muhimmin abu. Kada ka soka tsinin a bakin gungume ko a tsohuwar fuska, domin waje yana bushewa ya bar ciki a jiƙe. Ɗauko babba ɗaya daga tsakiyar tari, ka shigo da shi ɗaki ya huce sanyi, ka faskara shi, ka soka a tsakiyar sabuwar fuskar. Ka gwada uku ko huɗu.

In babu na'ura, akwai alamu, kodayake ba su kai ta ba. Busasshe ba shi da nauyi, bakinsa ya tsattsage, ɓawo na saɓulewa, idan ka buga biyu sai ka ji ƙara ƙwas. A cikin wuta kuwa, wanda ka ga yana kumfa a baki yana tsuwa, ɗanye ne.

Wata nawa yake ɗauka, kuma yaya zan jera shi?

Nan fayin ya yi wa ok fintinkau. Idan aka faskara shi aka jera da kyau a farkon bazara, wata 6 zuwa 12 sun isa, alhali ok yakan ci shekara biyu. Mataccen da ya riga ya fara bushewa bai ma kai haka ba.

Ka ɗaga shi daga ƙasa a kan katako ko bulo. Ka jera layi-layi inda rana da iska ke ratsawa. Ka rufe sama kawai da kwano ko tamfol, ka bar gefe a buɗe. Wanda ya naɗe tari duka da leda ya kulle danshi ne a ciki. A yankunan da gobarar daji ke yawa, hukumomin kashe gobara suna cewa a nisanta tarin ice da gida da aƙalla mita 10.

An ce zafinsa kaɗan ne. Haka ne?

Ya danganta da yadda ka auna. Kilo da kilo, kusan duk busasshen ice zafinsa ɗaya ne, wajen kilowat-awa 4 a kowane kilo idan danshi na kashi 20, fayin ma yakan ɗan ɗara saboda ƙaronsa. Bambancin yana wajen nauyi. Mita kubik na yawancin fayin yakan yi kilo 400 zuwa 550, na ok kuwa wajen 700. Tunda murhu da girma yake ɗaukar ice, ba da nauyi ba, cika ɗaya na fayin zai ba ka kimanin kashi biyu cikin uku na abin da ok zai bayar. Wanda ya san yadda garwashin kirya ke daɗewa, da yadda wutar kara ke tashi fuu ta mutu, ya fahimci zancen, sai dai tazarar fayin da ok ba ta kai haka ba.

Wannan ya shafi ciniki. A Amurka da Kanada da ma'aunin kod ake sayar da ice, wato tari mai ƙafa 4 a faɗi, 4 a tsayi, 8 a tsawo, kimanin mita kubik 3.6. Kada ka biya kuɗin kod na ok a kan kod na fayin.

Yana saurin cinyewa. Yaya zan yi wuta ta kai ni asuba?

Gaskiyar magana, a ƙaramin murhu fayin ba zai kai ka asuba ba, kuma ƙoƙarin tilasta masa shi ne babban kuskuren da ake yi. Mutum zai cika murhu dam, ya toshe iska gaba ɗaya, ya je ya kwanta. Icen zai kwana yana turnuƙewa babu harshen wuta, da safe gilashi ya yi baƙi ƙirin. Abin da ka gani a gilashin nan shi ne a cikin bututu.

Abin da ya fi shi ne ka ajiye manyan faskare don dare, ka jera su a matse a kan garwashi mai rai, ka buɗe iska duka na minti 15 zuwa 20 har jikinsu ya yi baƙi wuta ta kama ko'ina, sannan ka rage iskar sannu a hankali, mataki biyu ko uku. Kada ka rage har harshen wuta ya ɓace. In kana da ɗan ice mai tauri, ka tanade shi don wannan cikar ta ƙarshe, ka ci fayin da rana da kuma farkon sanyi da ƙarshensa.

Murhu mai katalis, wanda ke ƙone hayaƙi a wani faifai da zarar ya kai wajen digiri 260, yana jure ƙaramar wuta fiye da na gama-gari, don haka yana daɗewa da fayin. Amma shi ma ɗanyen ice na toshe shi.

Hanya mafi sauƙi ta gane ko wutarka daidai take ita ce ka fita waje ka ɗaga kai. Bayan minti 20 da kunnawa, bai kamata ka ga hayaƙi mai kauri a bakin bututu ba.

Na faskara na ga cikinsa shuɗi-shuɗi. Guba ce?

Ba guba ba ce. Wani nau'in fumfuna ne da ƙwaron ɓawon fayin ke shigowa da shi. Ƙwaron bai fi ƙwayar shinkafa girma ba, yana huda ɓawo ya yi ƙwai, fumfunar kuma ta toshe hanyoyin ruwan bishiya har ta mutu. Daga ƙarshen shekarun 1990, annobar wannan ƙwaro ta shafi sama da hekta miliyan 18 na daji a Biritish Kolumbiya kaɗai, ta kuma yi ɓarna a Kolorado, Montana da Wayomin. Yawancin mataccen fayin da ake samu a can daga nan ya fito. Launin ba ya ruɓar da ice, ba ya rage zafinsa. Ka ƙona abinka.

Ƙwarin fa, ba za su shiga gidana ko bishiyoyina ba?

Bishiyar da ganyenta ya yi ja ya zube, ta koma toka-toka, ƙwaron da ya kashe ta ya riga ya fita. Wadda ake tsoro ita ce wadda har yanzu ganyenta kore ne ko ya fara rawaya, ga dunƙulen ƙaro a jikin ɓawo, ga garin katako a gindi. 'Ya'yan ƙwaron suna ciki, da bazara za su tashi su faɗa wa bishiyoyin kusa. Irin wannan sai a ɓare ɓawon, ko a bar ta inda take.

Kada ka yi doguwar tafiya da ice. Ta cikin ice da katako cututtukan bishiya suke ƙetare ƙasa; tsutsar da ke busar da fayin, wadda aka gano a Fotugal a 1999, misali ce da Turai ke fama da ita har yau. Jihar New York ta hana kai icen da ba a gasa ba fiye da mil 50 daga inda aka sare shi, wasu jihohi da larduna ma suna da nasu dokokin. Ka sayi ice ko ka sare shi kusa da inda za ka ƙona shi.

A cikin gida, ka shigo da na kwana ɗaya ko biyu kawai. Kuma kada ka fesa wa icen wuta maganin ƙwari, kai ne za ka shaƙi hayaƙinsa.

Wani ɓangaren ya yi laushi, yana marmashewa a hannu.

Ya ruɓe. Idan ya bushe zai ci, amma zafinsa kaɗan ne, kuma da ya sami danshi yake shanye shi. Gwada da gatari ko tsinin wuƙa: in ruɓar a bayan-bayan take, cikin da ƙarfi, ka ɗauka. In ta kai zuciya, ka bar wa daji.

Me ya sa yake tartsatsi haka?

Akwai 'yan aljihunan ƙaro da ruwa a cikin icen, idan suka ɗau zafi sai su fashe. A rufaffen murhu wannan ba komai ba ne. Ka dai buɗe ƙofa a hankali lokacin ƙara ice, kuma a sami faranti marar kamawa a gaban murhu. A buɗaɗɗen murhun bango dole a sa raga.

Wani lokacin za ka ci karo da yanki mai nauyi, ja-ja, mai ƙamshi sosai, galibi a kututture ko inda reshe ya fito. Ƙaro ne ya jiƙa shi. A kudancin Amurka da Meziko ana tsaga shi siri-siri a sayar don kunna wuta, ashana ɗaya ta ishe shi. Tsinke biyu sun wadatar. Kada ka jefa babban gungumensa a murhu, zai yi baƙin hayaƙi da zafin da ya wuce kima.

Ana iya zafafa murhu fiye da kima?

Ƙwarai, kuma wannan ne haɗarin da busasshen fayin yake da shi da gaske. Idan ka cika murhu da ƙananan faskare ka bar iska a buɗe, cikin 'yan mintuna zafi zai tashi har ƙarfe ya yi ja, faranti su lanƙwashe, bulon ciki ya tsage. Ka manna ma'aunin zafi mai maganaɗisu a bututu, wajen rabin mita sama da murhu. A bututu mai bango ɗaya, tsakanin digiri 120 da 250 ake so. Ƙasa da haka kwalta na taruwa, sama da haka kana ƙona ice a banza kana gajiyar da ƙarfe.

Wajen kunnawa, ka gwada hanyar da ta yaɗu a ƙasashen arewacin Turai: manyan faskare a ƙasa, matsakaita a kai, ƙirare a sama, ka kunna daga sama. Bututu na saurin ɗaukar zafi, hayaƙi na raguwa.

Zan iya shiga daji in sari duk wadda na ga ta mutu?

Sai da izini. A dazukan gwamnatin tarayyar Amurka ana sayen takardar izinin yin ice daga hukumar kula da daji, da adadin kod da wurin da aka yarda. Lardunan Kanada ma suna da irin wannan tsari. A filin wani kuwa sai ka tambayi mai shi.

Ina roƙon duk wanda bai saba ba da kada ya fara koyon kayar da bishiya a kan matacciya. Ta fi mai rai haɗari nesa ba kusa ba. Girgizar injin zarto kaɗai na iya karyo samanta ko busasshen reshe ya faɗo wa mai yanka, ruɓaɓɓen gindi kuma ba ya bin inda aka nufa da shi. Hular kwano, wandon kariya, da abokin tafiya, babu wanda za a bari a gida. Wadda ta jingina da wata bishiya ko take kusa da wayar lantarki, aikin ƙwararru ce.

Ba kowace matacciya ce ta wuta ba. Wadda ka ga da rami a jiki gidan tsuntsu makwakkwafi ce ko mujiya, ka wuce ta.

Guntayen katakon gini da bishiyar Kirsimeti fa? Ai su ma fayin ne.

Tsurar katakon da ba a shafa masa komai ba yana da kyau wajen kunna wuta. Amma mai fenti, mai gam, falawud, da katakon da aka jiƙa da magani don kada ya ruɓe, duk haramun ne a murhu. Tsohon katakon baranda mai launin kore-kore ya fi kowanne muni: har ƙarshen 2003 ana jiƙa irinsa a Amurka da haɗin da ke da sinadarin asenik mai guba, wanda ke fita a hayaƙi ya kuma zauna a toka. Katakon dakon kaya mai tambarin HT da zafi aka gasa shi, babu laifi. Mai tambarin MB magani aka turara masa, ka bar shi. Icen da teku ta turo yana da gishiri, yana cin ƙarfe yana fitar da guba.

Bishiyar Kirsimeti kuwa, busasshen ganyenta yana tashi lokaci guda, yana iya kunna kwaltar da ke bututu. A kakkaɓe rassan a waje, a faskara gangar jikin a ajiye wa baɗi.

Sau nawa za a share bututu, kuma me zan yi in ya kama?

A duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya shigo. A shekararka ta farko da murhu ko da sabon ice, ka leƙa duk wata. Kauri ya kai milimita 3, a share.

In ka ji ruri mai ƙarfi a bututu, yana girgiza, tartsatsi na fita ta sama, to ya kama. Rufe ƙofar murhu da duk mashigar iska, fitar da kowa waje, kira 'yan kwana-kwana: 911 a Amurka da Kanada, 112 a Turai, 999 a Birtaniya. Ko wutar ta mutu da kanta, kada a sake kunna murhu sai gwani ya duba bututun ciki da waje.

Ka kuma sa na'urar gargaɗin iskar kabon monoksaid kusa da ɗakin kwana. Ita ce iskar da ke hallaka mutane a gida idan aka kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma toshasshen bututu yana dawo da ita cikin falo.

A Najeriya akwai fayin? Za a iya girki da shi?

Akwai gandayen da aka dasa, galibi nau'in Karibiyan, a tudun Jos, Mambila da Afaka kusa da Kaduna. A murhun duwatsu uku babu bututun da zai kama, matsalar ita ce hayaƙi: mai ƙaro da yawa yana baƙanta tukunya, yana yaji a ido, ga tartsatsi kusa da zane da yara. Ya fi dacewa da tada wuta, kuma a fili. Gashin nama kai tsaye a kan harshensa yana sa ɗaci. A rufaffen murhun ƙarfe kuwa hayaƙi ba ya taɓa abinci, sai ka ɗora tukunyarka a kai ka dafa abin da kake so.

Ina zan kai tokar?

Fayin ba ya barin toka da yawa. Ka bar 'yar kaɗan, kaurin yatsa biyu, a ƙasan murhu, tana taimaka wa garwashi ya daɗe. Sauran ka kwashe a bokitin ƙarfe mai murfi, ka ajiye a waje a kan siminti ko ƙasa, nesa da bango da barandar katako. Garwashi na iya kwana uku ko fiye da rai a cikin toka, don haka kada a zuba ta a kwali, leda ko kwandon shara sai ta yi mako. Bayan nan ana iya barbaɗa kaɗan a lambu idan ƙasar mai tsami ce, muddin tsurar ice aka ƙona.